Damben Akwati a Ɗakin Baba

Ranar wata Laraba da hantsi, kwana kaɗan bayan soja sun karɓe mulki daga hannun farar hula, wata a-kori-kura ta tsaya a bayan gidanmu a Mandera, an lafta mata harawa har ba a ganin gilashin baya. Ina bakin turmi ina surfen gero sai na ga Kawu Arzika, ƙanen Innata, ya shigo ta ƙofar da awaki ke bi, ba sallama, hularsa a hannu. Direba ne a gidan wani Alhaji ɗan kwangila a Boɗinga, mutumin jam'iyya, kuma kullum da ƙarar ham yake shigowa gari, yara na bin motar a guje. Ran nan kuwa murya ƙasa-ƙasa ya yi wa Inna magana. An kama maigidansa, matan gidan suna rarraba kaya ƙauyuka kafin a zo a kwashe. Daga ƙarƙashin harawar ya zaro ƙaramar talabijin, da batirin mota, da wani baƙin akwati mai igiyoyi. "Yaya, ki ruhwa man asiri," in ji shi. "Ɗakin Baban Kulu za mu sa su. Ba mai shiga ɗakin marar lahiya shi yi bincike." Inna ba ta musa ba, don gaskiya ya faɗa. Ba mai shiga ɗakin nan.

Ni ce Kulu. Mu Rundawa ne, wato mahauta, kuma Babana ɗan dambe ne tun kafin a haife ni. Da an gama girbi sai ya ɗauki jakarsa ya bi makaɗa gari-gari, daga Shagari zuwa Danchadi har can gaba, ya dawo da riguna da goro, wani lokaci da kumburarren ido. Hannunsa na dama duk tsaga ne, inda ake shafa magani kafin a naɗe shi da zare. Na taso ina ganin zaurenmu cike da maza, ana gasa tsire ana gardamar wanda ya kashe wani, wato wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa. Sai a daminar da ta wuce, wadda ruwa ya ɗauke, gero na cikin bunni bai kai ga yin ido ba, Baba ya faɗi a bakin teburin namansa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Wasu suka ce jifa ce, wasu suka ce iska. Yanzu na san irinsa ake ce wa hawan jini. Da farko an yi ta zuwa gaisuwa. Daga baya makaɗa suka koma bin wani saurayi mai tashe, ƙanen Baba ya gaji teburin, zaure ya zama wurin kwanan tumaki. Baba ya juya fuskarsa bango. Ya daina ƙoƙarin magana, kuma abinci sai an yi da gaske yake kurɓar kunu kaɗan ya ture ƙoƙon. Ina kallo wuyan nan da ya fi cinyata kauri ya koma kamar na zabo. Na taɓa jin Inna tana gaya wa wata maƙwabciya a bakin rijiya cewa ba ciwon zai kashe shi ba, shi ne ya gaji.

Ni kaɗai na rage a gaban iyayena, yayana ya tafi ci-rani kudu. Inna tana fita aikin albasa a fadama don mu samu na tuwo, a shekarar da sabulu da gishiri ma sai an bi layi. Ni aka bar wa gida. In ɗebo ruwa, in yi surfe da daka, in ba awaki dusa, in wanke tabarmar Baba in shanya, in juya shi kada jikinsa ya yi gyambo. Da la'asar ina jiyo tafin 'yan mata a dandali suna gaɗa, ina jin muryar ƙawata Ige ta fi ta kowa, ni kuwa ina zaune a bakin ƙofa ina 'yar carafke ni kaɗai da tsakuwa, ina cin kaina ina faɗuwa. Ban taɓa shiga makarantar boko ba, ta allo ma na daina zuwa. Yarinyar da ke rubuta mini wannan ta tambaye ni ko ina kuka a lokacin. Ban yi ba. Yanzu ne nake yi.

Kawu Arzika yana yaro shi ke riƙe wa Baba jaka a filin dambe. Da ya shigar da kayan ya ga bayan mutumin nan a kan tabarma, sai ya kasa fita. Ya tsuguna ya yi ta haɗa wayoyi da batirin, har talabijin ta kawo haske. A ciki ga wasu mutane biyu, ɗaya fari ɗaya baƙi, kamar kana kallonsu daga saman rumbu, ba ka ganin komai sai kai da hannuwa. Ya miƙo mini wani abu mai kama da ƙaramar muciya a kafe kan baƙin gindi, da jan maɓalli a gefe. In ka tura muciyar mutuminka ya matsa, in ka danna maɓallin ya kai naushi. Ɗayan kuma akwatin ne ke tafiyar da shi. Ya ce na yaran Alhaji ne, daga ƙasar waje aka kawo. "Maigida, ga dambe na kawo maka har ɗaki," ya ce da ƙarfi. Baba ko motsi bai yi ba. Kawu ya nuna mini yadda ake kunnawa, ya ja kunnena kada in ƙara murya, kada in gaya wa kowa, ya tafi.

Washegari da Inna ta fita, na gama aikina da wuri na kunna. Ban iya ba ko kaɗan. Sai in ruga da farin mutumin nan kai tsaye cikin baƙin, ina danne-danne, shi kuwa ya matse ni a lungu ya yi ta dukan hancina, akwatin yana ɗan ƙara ƙis, ƙis, ƙis. Na yi ta shan kashi har zuwa azahar, amma ban ji zafi ba, don rabona da wani ya kula ni ko da duka ne an daɗe. A rana ta gaba ina cikin haka sai na ji wani sauti a bayana kamar an ja tsohuwar ƙofa. Na waiga. Baba ya juyo, idonsa a kan hasken, ransa a ɓace. Ya sake faɗa, a karkace, da ƙyar, amma na gane: "Ja baya." Na ja baya. "Bari shi taho." Baƙin ya biyo ni. "Yanzu!" Na danna, hannun farin ya miƙe ya same shi a hanci. Abin da ya buɗe bakin Babana bayan watanni ba addu'ata ba ce, ba kukan Inna ba. Haushi ne, ya kasa jure ganin jininsa na dambe kamar mai korar kaji.

Abin nan hannu biyu yake so, Baba kuwa ɗaya gare shi. Sai muka raba. Na jingina shi da bango, na zauna a damansa, na riƙe gindin abin a kan gwiwarsa. Shi yana tura muciya da hagu, ni ina danna maɓalli. Shi ne ƙafa, ni ce naushi. Da farko sai ya ce "Yanzu" nake dannawa, har na zo ina gane lokacin daga yadda yake ɗauke numfashi. Bai yarda da damben ba duk da haka. Ya ce wane irin dambe ne ba kiɗa, ba garkuwa, kowa na bugu da hannu biyu kamar faɗan mata a rijiya. Abin da ya fi ba shi takaici shi ne duk yadda muka jibgi baƙin nan ba ya faɗuwa. "Wanga yaro ba shi da kunya," in ji shi, "an kashe shi tun ɗazu, ya ƙi kai ƙasa." Ran nan ya sa na sauko da jakarsa daga rataya, na warware tsohon zarensa, ya nuna mini da haɓa yadda zan yanki kaɗan in naɗe babban yatsana, don a wurinsa ba a kai naushi da hannu tsirara. Inna ta dawo ta same mu haka, ta saki kwandonta. "Ɗiya mace da zare ga hannu, ina anka taɓa yi?" Baba ya dube ta ya ce yana jin yunwa. Ta tsaya kamar ba ta ji ba, sannan ta fita da sauri ba ko mayafi, ta je wurin ƙanensa ta karɓo ƙashi ta yi romo. Ya shanye, ya cinye tuwon da aka sa masa a ciki.

Haka muka yi makon nan. Ige ta zo ta leƙo ta katanga tana tambayar me ya sami yatsana, na ce wuƙa ce. Na so in gaya mata kamar in mutu, amma ina tsoron soja. Daɗin da na fi ji a duk ƙuruciyata, ba wanda na isa in ba labarinsa. Sannu a hankali batirin ya fara sanyi. Hoton ya riƙa tsukewa daga gefe-gefe, mutanen suna ƙanƙancewa, muna ƙara matsowa kusa har kawunanmu na haɗuwa. Kafin ya mutu gaba ɗaya Kawu ya dawo. Ba a saki Alhaji ba, uwargidan ta ce a kawo kayan za a sayar. Ya naɗe igiyoyin bai dubi kowa ba, ya mayar da su ƙarƙashin harawa. Baba ya kwanta ya juya bango.

Ran nan ban iya daka ba. Na ajiye masa fura, da na dawo na same ta yadda na bar ta. Washegari ma haka, har na fara cewa a raina gara ma ba a kawo abin ba. Da la'asar sakaliya sai iska ta kawo kiɗan kalangu daga ƙauyen da ke gabas da mu, ana buɗe filin dambe. Na tashi zan rufe ƙofa kada ya ji, kamar yadda na saba. Sai ya ce, "Bar ta. Taho nan ga dama." Na tsaya a damansa. Ya dafa bango da hagu, ya saki nauyin mataccen ɓarin a kafaɗata. Muka faɗi, muka sake. "Yanzu," ya ce, na ɗaga, sai ga mu tsaye. Ba mu je filin dambe ba, bai ƙara zuwa ba har ya bar duniya. Zaure muka kai, muka kori tumaki, ya zauna yana haki yana sauraron kiɗan, yana gaya mini daga sautin ko wa ake kira. Da muka koma ya sha furar. Ya rayu damuna da dama bayan haka, kullum ina damansa, har ranar da aka kai ni ɗakin miji da hannun hagunsa ya dafa kaina.

Bara Malam, mijina, ya rasu. Yana alwala ya kife, kafin in ƙaraso an gama. Ko wuni ɗaya na jinya bai ba ni ba, kuma wannan na cikin abin da ke sa ni kuka. 'Ya'yana suna Sakkwato da Abuja, suna kira, suna aike, Allah ya yi musu albarka. Hutun da ya wuce aka turo mini jikana Nasiru ya taya ni zama mako guda. Yaron kirki ne, amma makon nan a kan wayarsa ya yi shi, yana buga abin da suke kira gem, kunnuwansa a toshe da abin sauraro. Na leƙa na ga faɗa ne. Mutanen cikin kamar a taɓa su, suna tsalle, suna faɗuwa, suna tashi. Ya ce ai wannan tsoho ne, akwai sababbi da ke tafe, waɗanda za ka ga zufa a goshin mutum, ka kara da wani a wata ƙasa ba ku taɓa haɗuwa ba. Yana ta lissafa mini su, idonsa na ƙyalli, na ji daɗin ganinsa haka. Sai na tambaye shi ko a cikin masu zuwan akwai wanda mutum biyu za su haɗu su riƙe ɗan dambe guda. Ya yi dariya ya ce, "Haba Kaka, wa zai so haka?" Ya mayar da abin kunnensa. Na zauna kusa da shi a kan tabarma har aka kira magariba, hannuna a kan cinyata. Ni kam da na so hakan.