Taken Safiatou

Shekara goma sha ɗaya teburina yana jikin na Habibou a Canal Street, ni da tabarau da agoguna, shi da jakunkunan mata, kuma ban taɓa ganin mai rowar magana kamarsa ba. Mutumin Tasawa ne ta Nijar, dogo, siriri. In ka ce masa ina kwana, sai ka gyara tsayuwa kafin amsa ta iso. Mu Kanawa ba mu iya zama da irin wannan shiru ba, don haka na mai da shi abokin tsokanata, shi kuwa ya jure.

Gidansu gidan masu goge ne. Ya zo New York da gogensa a jaka, sanyin shekarar farko da zafin hitar ɗumama ɗaki suka haɗu suka tsaga ƙoƙon. Shekara biyu bai taɓa tsirkiya ba, sai wata rana ya ga celo a wani shagon gwanjo a Bronx. Goge ne na Turawa, amma ƙato, a ƙasa ake kafa shi a rungume tsakanin gwiwoyi. Babu wanda ya koya masa. Ya goga shi yadda ubansa ya koya masa goge, abin kuwa ya amsa masa da Hausa. Muka sa masa suna amaryar Habibou, domin in sun shiga jirgin ƙasa ita ke samun kujera, angon yana tsaye.

A jirgin nan mai lamba huɗu ya haɗu da Gafaru, ɗan Zangon Kumasi, mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Gafaru yana da jita, yana da murya, yana kuma da bakin da zai sayar maka da rigarka ka yi godiya. Ya dubi ƙaton akwatin celon ya ce, “Masa,” wato maigida a bakin 'yan Gana, “gawa ne a ciki ko kiɗi?” Habibou ya yi dariya, abin da ni ban samu ba a shekara uku.

Shekara bakwai suka yi tare. Suna, biki, wani lokaci Turawa su gayyace su ɗakin karatu na unguwa. Gafaru ke jan waƙa yana kaɗa jita, Habibou yana bin sa ido a rufe. Tsarin aikinsu ke nan, duk inda mawaƙi ya nufa makaɗi ya bi. Akwai kuma dokar da Habibou ya taso da ita a gidansu: in aka tayar wa mutum takensa, wato kiɗin da yake nasa shi kaɗai, har ya miƙe ya shiga fili, makaɗi ba ya ɗaga hannu sai mai taken ya zauna. Yanke masa kiɗi daidai yake da tsinka masa mari a gaban jama'a.

Amma akwai kiɗi ɗaya da ba na taro ba. Habibou yana da 'yar fari, Safiatou. Kun san al'adarmu da ɗan fari: ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban manya, ko faɗuwa ya yi sai ka kau da kai wani ya ɗaga shi. Habibou kuwa kunyar tasa ta fi ta kowa. Tana jaririya, in ta fara kuka, sai ya zagaya bayan zana da gogensa ya yi ta wani ɗan kiɗi mai sanyi har ta yi shiru. Shi ya zama takenta. Da ya zo Amurka, in ya buga waya gida ba ya cewa a ba shi ita. Sai ya tambayi lafiyar “yaran nan”, sannan ya ajiye wayar kusa da celo ya goga, uwar ta kara mata a kunne. Iyakar hirar da suka taɓa yi ke nan shi da 'yarsa.

Tana shekara goma sha shida zazzaɓi ya ɗauke ta cikin kwana uku. Ba shi da takardun da zai je gida ya dawo. Washegari na gan shi yana jera jakunkuna, muka yi masa ta'aziyya, ya amsa kamar 'yar maƙwabci ce ta rasu. Ni har gulmarsa na yi, na ce wannan dutse ne a ƙirjinsa. Allah Ya yafe mini. Ban san duk Juma'a in ya sauko daga masallaci yana kulle ɗakinsa na unguwar Morrisania ya goga mata takenta ba.

Mutum ɗaya ne ya sani. Wata Juma'a Gafaru ya zo gwajin waƙa da wuri, ya ji kiɗin ta bayan ƙofa, ya matsa da tambaya. Habibou ya buɗe masa cikinsa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba.

“Wanga ba na taro ba ne, Gafaru. Na yarinyar nan ne.”

Gafaru ya share hawaye, ya dafa ƙirji. “Wallahi Yaya, a nan ya tsaya.”

Sai ga Hajiya Nimatu, mai shagon atamfa a Morris Heights, wadda babu bikin 'yan Gana da ake yi ba da yawunta ba. Ta ce wa Gafaru ranar sunan jikanta tana son take nata na kanta, sabo fil, in ba haka ba ta nemo wasu makaɗan. Habibou ya ƙirƙiro mata guda biyu, ta saurara a waya ta ce ba su taɓa zuciyarta ba. Gafaru ya ce ta kwantar da hankalinta.

Ranar Lahadi ce da la'asar, ina wurin, ni shinkafa ta kai ni. Ana tsakiyar taro Gafaru ya sassauta jita, ya shiga wani kiɗi a hankali. Habibou, ido a rufe, ya bi shi kamar kullum. Hannunsa ya san kiɗin nan fiye da komai a duniya, ya riga hankalinsa shiga. Kafin ya buɗe ido Hajiya ta riga ta miƙe tana tsakiyar fili, mata na guɗa, wayoyi duk a sama, Gafaru yana rera “Nimatu uwar Zango” a kan taken Safiatou.

Na ga Habibou ya dubi Gafaru. Gafaru ya mai da idonsa kan silin. Habibou bai ɗaga hannu ba. Hajiya ba ta yi masa laifin komai ba, kuma shi ba zai mari dattijuwa a sunan jikanta ba. Kiɗin ya shige ta har tana hawaye, ta ƙi zama, shi kuwa da hannunsa ya yi ta miƙa mata abin 'yarsa har ta gaji don kanta.

A bakin ƙofa na ji su, lokacin ban fahimci komai ba.

“Gafaru, mi na yi maka?”

“Sori, Yaya. Kiɗi mai kyau haka bai kamata ya mutu cikin ɗaki ba. Ai ban kira sunan yarinyan ba.”

“Ni ma ban taɓa kiran shi ba,” in ji Habibou. Ya saɓi akwatinsa ya tafi.

Daga ranar bai sake zama kusa da Gafaru ba. Bidiyon ya zagaya daga Bronx har Kumasi, kowa na kiransa taken Hajiya Nimatu. Gafaru ya samo mai fiyano yana ta shan gayyata. Abin da ya fi ƙona mini rai, Habibou aka ba laifi, wai baƙin halinsa ya raba su, kuma ba zai iya kare kansa ba, don kare kai na nufin ya tsaya gaban mutane yana zancen 'yar fari. Ni ma na bi sahu. Wata safiya na tsare shi na ce, “Haba Habibou, wace irin zuciya gare ka? Me yaron nan ya yi maka?” Ranar ya zaunar da ni ya ba ni labarin nan tun daga bayan zana. Na rasa inda zan sa fuskata, sai na ce ai kiɗin yana hannunsa, babu mai raba shi da shi.

Sai ya ce:

“Na gwada ran Juma'a, Malam. To, hannun na nan, kiɗin na nan. Amma da na kai daidai inda nika jin ta, sai in ji muryar Gafaru shina cewa Nimatu. Na sake daga farko har sau huɗu.” Ya gyara wata jaka da ba ta karkace ba. “Da kiɗin nan ɗai nika kiran ta. Yanzu in na kira, wata ka amsawa.”