Kiran Gwaggo Daga Tsakiyar Kogi

Jiya ina PZ wajen mai gyaran fanka, sai ga kiran Gwaggo Asabe, ƙanwar babana da aure ya kai wani ƙauye can wajen Yawuri. Rabona da ita tun ina firamare.

Na ce, "Gwaggo, bari in koma Samaru sai in kira ki."

Ta ce, "Ba za ka same ni ba, ɗan nan. Garinmu babu sabis sai a tsakiyar ruwa. Daga kasuwa muke, na roƙi mai kwale-kwale ya kashe inji. Kai ake jira."

Na nemi benci na zauna. Ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har ta zo kan ƙawarta Talatu, maƙwabciyarmu da ta rasu tun kafin azumi. A nan na sanar da ita.

Ta yi salati, ta shiga yi mata addu'a. Can na ji wani ya ce, "Hajiya, ruwa na jan mu." Aka tada inji, layi ya yanke.

Ita sai ta tsayar da jirgi kafin ta gaishe mu. Ni kuwa da sabis a aljihuna ina ce mata bari in koma gida tukuna. Ku fa, wa kuka ce wa "sai anjima"?