Direban da Gabas Ta Ɓace Masa

Har gobe ina tuna ranar da saura ƙiris a kai Malam Sani gidan mahaukata. Lokacin ina aiki a wani asibiti a Fatakwal, shekarun da mutanenmu suka dawo bayan yaƙin basasa, arzikin mai ya buɗe. Aikina tura marasa lafiya da gyaran gado, amma da yake ina jin Turanci, ni ne tafinta.

Malam Sani dattijo ne, direban babbar mota, mazaunin unguwar Borokiri. Ƙarfe ya faɗo masa a ka wurin sauke kaya a Kasuwar Oil Mill. Ya farfaɗo garau, yana gane kowa. Amma da ya fita bayan gida, sai ya kasa komowa gadonsa. Sau uku ana tsinto shi a ɗakin haihuwa! Sista, wato shugabar masu jinya, ta ce ya taɓu. Ƙa'idar kuwa, likita na sa hannu a takarda, shi ke nan, an tafi da mutum.

Abin ya tsaya mini a rai. Wane irin mahaukaci ne ke gyara mini karatu in na ja aya? Na zauna kusa da shi na ce, "Baba, wai me ke faruwa?"

Ya ce, "Ɗana, komai na gane shi. Ga famfo, ga mangwaro. Inda zan juya ne ban sani ba. Kwana biyar ke nan ina salla ban san ina ne gabas ba." Sai hawaye. Wallahi ni ma na ji tausayinsa ƙwarai.

Na yi ta maza na tari likita da zancen. Likita ya sa Malam Sani ya jero garuruwan hanyar Anacha, ya jero su tsaf. Sannan ya rufe masa ido, ya juya shi sau ɗaya, ya ce ya nuna ƙofa. Ya nuna taga.

Likita ya ce mini a cikin ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke riƙe inda mutum ya fuskanta, dabam da hankali, kuma nan bugun ya taɓa. Na ce, "Ikon Allah! Ashe gabas ma a ka take?" Ya yi dariya, ya yaga takardar.

Tuƙi dai Malam Sani bai koma ba, amma gidansa ya koma, wurin iyalinsa.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku riƙe wannan. Kwana biyar muna kamo bawan Allah muna mayarwa gado, ba wanda ya tambaye shi abin da ke damunsa. Har da ni, mai jin yarensa.