Tsagar da ke Bayan Zenabu

A zamanin Mumuni Wanzam babu unguwar Nima, babu ta Maamobi. Wajen nan duk daji ne da ake kora shanu kiwo. Zangon Hausawa na Akra, wadda mutanenmu ke kira Ankara, yana can ƙasa kusa da kasuwa, inda iskar teku ke sa aska tsatsa cikin kwana biyu in ba a shafa mata mai ba.

Mumuni mutumin Zazzau ne, ko kuwa haka ya ce, don ba wanda ya taɓa zuwa ya bincika. Ya shigo ƙasar yana saurayi, cikin sojan Hausa da Turawa suka ɗiba a shekarar da aka ƙone Kumasi. Bindiga ba ta karɓe shi ba. Abin da ya gada a gidan ubansa aska ce, saboda haka ko a bariki aikinsa aski da ƙaho. Da aka sallame shi sai ya rataya zabirarsa ya sauka Zango, ya kuwa taki sa'a, don babu wani wanzami a wurin. Shi ne mai aski, shi ne mai cire belu, shi ne mai kaciya, har Ankarawa 'yan ƙasa sukan aiko a kira shi ya yi wa 'ya'yansu. Gajere ne mai tsabta, ba ya son raini ko na wasa, hannunsa kuwa ba ya rawa. Shekara talatin babu jaririn da aka raɗa wa suna a Zango wanda kansa bai bi ta ƙarƙashin askar Mumuni ba, amma a gidansa ba a taɓa yin suna ba.

Matarsa ta fari sunanta Memuna. Shekara shida suna tare, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. A wancan zamani, kuma kada mu yi wa kanmu ƙarya, har yau ma, in gida ya rasa haihuwa mace ake kallo. Namiji kuwa muddin yana iya kusantar iyalinsa an gama magana, lafiyarsa ƙalau. Mumuni ta wannan fannin ba shi da abin kuka, ga shi kuma shi ne likitan unguwa, to wa zai duba mai duba mutane? Shi da kansa ya yanke cewa mataccen jini ne ya taru a ƙugun Memuna ya toshe mata mahaifa. Ya yi ta kafa mata ƙaho, ya yi ta ɗura mata jiƙon maɗaci, da abin ya ishe shi ya sake ta. Da aka tambaye shi a ƙofar masallaci, bai ko rage murya ba ya ce, "Juya ce. Na yi iyakar ƙoƙarina."

Bayan shekara guda ya auri Zenabu. Ubanta Bahaushe ne fataken goro, uwarta Ba'ankariya mai banda kifi. Ta taɓa aure, mijin ya rasu ko wata huɗu ba su yi ba. Koko da ƙosai take sayarwa a bakin hanyar mahauta, kuma in ta yi dariya ana ji daga lungu na uku. Shekara ta zagayo shiru, ta biyu ma shiru. Mumuni ya girgiza kai ya ce Allah ya sake jarraba shi, ya ɗauko ƙahonsa. Duk tsakiyar wata, da hantsi, Zenabu takan zauna a kan turmi a bayan ɗaki ta zame zane zuwa ƙugu. Ya tsattsaga mata fata da bakin aska, ya kafa ƙaho ya zuƙa, ya juye baƙin jinin a ƙasa ya nuna mata. "Kin gani? Shi ne ya hana." Ita kuma ta ce, "To, Maigida, Allah shi sa a dace."

A shekararsu ta uku, wata Talata, aka aiko masa da goro daga gidan Dramani mahauci: an yi haihuwa, ranar Lahadi suna. Dramani shi ne ya auri Memuna, ko shekara ba a rufa da auren ba.

Ba da mugunta Dramani ya aiko ba, mutum ne da bai san komai ba sai nama da barci. Al'ada ce: ranar bakwai dole a aske gashin da jariri ya zo da shi, wanzami ne ke askewa, wanzami kuwa ɗaya ne a garin. Mumuni ya kwana biyar yana neman ciwon da zai kwantar da shi bai samu ba. In ya ƙi zuwa an gane, in ya je an gani. Ranar Lahadi da sassafe ya sa rigarsa mai kyau ya tafi.

Mma Ayishetu ungozoma, tsohuwar da ta zo daga Salaga tun kafin Zango ya zama Zango, ita ce ta riƙe yaron a cinya. Ƙato ne, da kunnuwan Dramani sak. Mata sun cika tsakar gida ana ta hayaniya, amma Mumuni na durƙusawa ya buɗe zabira sai wurin ya yi tsit. Da zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi. Ya jiƙa kan yaron da ruwan ɗumi, ya aske shi tas, ko ƙwarzane babu, wannan kam a ba shi. Memuna na cikin ɗaki bayan asabari. Aka ba shi rabonsa na naman rago, ya ɗauka ya fito yana jin kamar tsirara yake tafiya. Kunya ta hana shi bin hanyar kasuwa, sai da ya zagaya ta bayan makabarta.

Bayan kwana uku ya je gidan Mma Ayishetu da azahar, lokacin da ya san mutane sun shige inuwa. Ya gaishe ta har sau uku kafin ya ce akwai wani abokinsa, tsohon soja, da ke son a tambaya masa wani abu.

"Abokin nan naka," in ji tsohuwa tana tsinke zogale, "ya taɓa ciwon sanyi?"

"Bai taɓa ba, Mma."

"Ya taɓa faɗuwa, ko doki ya harbe shi a gaba?"

"A'a."

"Hangum fa? Ba na yara ba. Bayan ya zama mutum."

Mumuni ya tuna barikin Elmina, damina, kumatunsa sun kumbura har 'yan'uwansa soja na yi masa dariya. Ya tuna abin da ba su gani ba: bayan kwana biyar ciwon ya sauka masa ƙasa, marainansa suka kumbura, zazzaɓi ya kusa kashe shi. Da ya warke suka tsuke, ba su sake komawa yadda suke ba. Bai taɓa haɗa wannan da wancan ba, don ƙarfinsa ya dawo daidai.

"Ya yi," ya ce, murya can ƙasa. "Amma Mma, yana da ƙarfinsa."

"Ɗana, ƙarfi daban, iri daban. Ka taɓa shuka masarar da ƙwari suka cinye cikinta? A ido masara ce." Ta ajiye ƙwaryar. "Shekara arba'in ina karɓar haihuwa. Na ga maza masu toshewa sun sha magani sun samu. Wanda hangum ya sauka wa duka biyu, uku na sani, ban ga wanda ya samu ba. Allah shi ke bayarwa, ban ce ba zai yiwu ba. Zan ba ka saiwoyi ka dafa da zuma, ka jarraba shekara guda. Amma ka gaya wa abokinka ya sauke ƙaho daga bayan 'yar mutane. In shekara ta cika babu, ya faɗa mata gaskiya, ta zaɓa da kanta tun tana da sauran lokaci."

Ya karɓi saiwoyin. Ya sha shekara guda, ya ƙara wata shekarar. Ya je wurin wani malami a Kpong aka yi masa rubutu, ya je wurin wani boka a Labadi da ko Hausa ba ya ji. A gida yakan ce maganin ciwon baya ne, wai durƙuson aski ya lalata masa ƙugu. Duk wannan babu laifi, mai nema ba a hana shi nema. Laifin shi ne ƙahon. Tsakiyar watan farko bayan zuwansa gidan tsohuwa, Zenabu ta ɗauko turmi ta zauna ta zame zane kamar kullum. Ya tsaya a bayanta maganar na bakinsa. Ya ce a ransa in ya daina yau za ta tambayi dalili, bari sai wata mai zuwa. Ya tsaga.

Wata mai zuwan nan sai da ya ɗauki shekara goma sha bakwai. A cikinsu Mma Ayishetu ta rasu, Mumuni ya ji sanyi a ransa, sannan ya ji kunyar sanyin da ya ji. Memuna ta ƙara haihuwa huɗu, duk shi ya aske su. Dangin uwar Zenabu suka daina kiranta wurin bikin fitar da jariri, wai ƙafarta ba ta da albarka. Dariyarta ta ragu har ta koma ba a ji sai a tsakar gida. Mumuni yana ganin duk wannan. Ba mugu ba ne, yana sonta, bai ko yi mata kishiya ba, mutane na yabon haƙurinsa alhali shi ya san tsoron shaida ta uku ne ya hana shi. Matsoraci ne kawai, irin wanda ya gwammace wani ya zubar da jini da dai a dube shi a kawar da kai.

Wata safiya bayan an dawo daga yaƙin Kumasi na ƙarshe, idonsa ya fara rauni, sai ya ce ta juyo da bayanta wajen rana. Ya duƙa yana neman inda zai sa aska. Daga kafaɗa har ƙugu tabo ne a kan tabo, layi-layi, tsofaffi sun yi fari, sababbi baƙi. Ya laluba da yatsa bai sami lafiyayyar fata ko faɗin ƙaho ɗaya ba. Ya dubi askar da ke hannunsa. Ya ajiye ta a ƙasa.

"Zenabu, ja zanenki."

"Lafiya, Maigida?"

"Babu abin da ke jikinki. Ba a taɓa samu ba. Ni ne." Ya faɗa mata duka, barikin Elmina, tsohuwa, saiwoyin ciwon baya, yana kallon ƙafafunsa. "In kina so in sawwaƙe miki, yau ma sai in yi. Ki je ki sami rabonki."

Ta ja zanen ta ɗaura a hankali. Ba ta juyo ba.

"Tun ranar da ka dawo daga sunan gidan Dramani ka kasa cin nama na sani," ta ce. "Na ce bari shi faɗa da bakinshi. In na nemi saki, na tona ka a gari. Kowane wata in na ɗauko turmin nan, cewa nake yau zai faɗa." Sai a nan ta juyo, idonta a bushe. "Wane rabo, Mumuni? Jinina ya ɗauke tun azumin bara. Kai da ke ƙirga mini wata, ko wannan ba ka lura ba."

Ba ta taɓa kiran sunansa ba sai ranar. Da ƙasa za ta buɗe da ya gode mata.

"Haihuwa ta wuce," in ji ta. "Sunana ya rage. Inda ka tsaya ka ce Memuna juya ce, je ka tsaya a nan ka faɗi wannan."

Da la'asar, bayan an sallame, kafin mutane su sa takalma, Mumuni Wanzam ya miƙe a ƙofar masallaci. Duk wanda ke zaune a wurin, ko shi ya aske shi ko ya yi wa ɗansa kaciya. Dramani ma yana nan, ya yi furfura. Mumuni ya ce, "Jama'a, ku saurare ni." Sannan ya faɗa: rashin haihuwar gidansa daga gare shi ne, Memuna ba juya ba ce, Zenabu ba juya ba ce, ya sani tun da daɗewa ya ɓoye. Ya tsaya yana jiran salati, ko dariya, ko zagi.

Kowa ya sunkuyar da kai. Can wani dattijo mai sayar da goro ya kamo gefen rigarsa ya ja a hankali. "Mun sani, Wanzam. Duk mun sani. Zauna, Allah shi rufa asiri." Aka shafa fatiha, aka watse, wani ma ya tsaya tambayarsa ko gobe zai sami aski.

Ya tarar da Zenabu tana surfa masarar kokon gobe.

"Ka faɗa?"

"Na faɗa."

"Me suka ce?"

"Sun ce sun sani."

Ta tsayar da taɓarya ta dube shi jim, sannan ta share gumi da gefen zane.

"To," ta ce. "Ashe duk garin ba wanda ake ɓoye wa. Ni kaɗai aka bari ana yanka."