Yanzu Ni Ke Yi Musu Rakiya

Sati uku ke nan, amma har yau in wayata ta yi ƙara sai in yi wuf in duba ko mai unguwa ne.

Tun da na gama sakandare nake zuwa wani ƙauye kusa da Ɗanzomo duk Asabar, ina karanta wa yaran da ba su isa firamare ba littattafai masu hotuna. Ba wanda ya sa ni. Tabarma biyu a gindin darbejiya, ƙofar gidan mai unguwa, ita ce makarantar tamu. In mun tashi, yaran kan yi mini rakiya har bakin hanya inda nake hawa mashin zuwa Sule Tankarkar, yadda suka ga manya na yi wa baƙo. Wata 'yar shekara huɗu ce ke riƙe mini littafi kullum. Ba ta da surutu, amma in na buɗe shafin raƙumi sai ta ɗora yatsa kan tozonsa ta ƙi ɗagawa.

Ran nan hadari ya haɗo. Mai mashin yana ta cewa, “Malama, hau mana, kar ruwa ya tare mu!” Na haye ban waiwaya ba. Littafin yana hannun yarinyar.

Na isa gida, ko hijabi ban cire ba mai unguwa ya bugo. “Malama, yarinyar nan mai riƙe miki littafi, tare kuke?”

Ban san yadda na koma ƙauyen ba. Gero ya fi tsayin mutum, ruwa na zuba, muna ta kutsawa cikin gonaki muna kira har muryata ta dushe. Duk rijiyar da muka wuce sai na leƙa ciki. Sai bayan la'asar wata mai tallan nono ta zo da ita a goye, ta ce a wani burtali ta tsince ta, tana tambayar hanyar gidan Malama. Yarinyar ta jiƙe sharkaf. Ta zaro littafin daga cikin rigarta ta miƙo mini. “Kin manta raƙuminki.”

Uwarta ba ta ɗaga murya ba, shi ya fi kashe ni. Ta ce, “Malama, ban zarge ki ba. Amma 'yata ta gama karatu.” Kakarta kuwa ta tafa hannu ta nuna ni: “Yarinya ko kyanwa ba ta taɓa raino ba, an ba ta garke guda!”

Asabar ta zagayo, na kasa cin komai, amma na je. Yara biyar kawai na tarar. Da muka tashi na ce daga yau babu rakiya. Mai unguwa ya girgiza kai. “'Yata, baƙo ya bar garin nan shi kaɗai? Ai a yi da mu.”

Na ce, “To Baba, ni zan raka su.”

Haka na yi. Gida gida, sai na sa hannun yaro cikin na uwarsa sannan in wuce. Daga ƙarshe na yi sallama gidan su yarinyar. Uwar tana daka, ba ta ce in zauna ba, ba ta kuma kore ni ba. Na durƙusa gefen turmi na buɗe shafin raƙumi. Ƙaramin yatsa ya zo ya sauka kan tozon. Sati na biyu ma haka.

Shekaranjiya ina shimfiɗa tabarma sai ga kakar tana jan yarinyar.

“Ga ta. Ta hana mu sakat da raƙumi, raƙumi, sai ka ce ubanta na da shi a Maigatari. Amma littafin nan ba ta ƙara riƙe shi.”

Na ce, “Iya, ni zan riƙe.”

“Ke? Ke da kika manta shi? Kawo nan.” Ta zauna bakin tabarma ta danne jakata da cinya.

Sau uku na ƙirga kawunan yaran kafin in fara. Na karanta har shafin ƙarshe, sannan na raka kowa gida, har da Iya.