Gejin da Na Saya a Ɓoye

Shekara talatin da wani abu ina gyaran babur a bakin babbar kwatar Nima, kuma duk tsawon shekarun nan da kunne na ci abinci. Mutum zai turo babur tun daga Alajo ko Kanda, in ce ya tayar, in runtse ido, kafin ya gama ba ni labari na gaya masa inda ciwon yake. Ina taƙama da hakan ba kaɗan ba. Akwai wani abu mai fuskar agogo da makanikan zamani ke ɗaurawa a ramin fulogi don auna ƙarfin iskar da inji ke matsewa, geji suke ce masa. Ni kuwa agogon ragwaye nake kiransa, a gaban kowa, har da masu shi.

Sai kunnen ya fara tafiya. Na hagu ne ya soma, na dama ya bi shi a hankali. Ban gaya wa kowa ba. Matata tana Kumasi wajen 'yarmu, ni kaɗai nake kwana a ɗakina na Mamobi, saboda haka babu wanda zai tsare ni da tambaya. A shago kuwa akwai benci inda abokaina ke zaman hira bayan la'asar. Na fara yin dariya inda ba a yi abin dariya ba, ina amsa abin da ba a tambaye ni ba. Da na ga za a gano ni sai na koma faɗa. Na ce surutunsu na hana ni aiki. Ɗaya bayan ɗaya suka koma wajen mai shayi, suka bar mini bencina. Ni na kore su, amma wallahi kewarsu ta dame ni.

A cikin wannan hali wani mai rabon burodi ya kawo mini babur ɗinsa. Mutumin Bawku ne, dogo, mai haƙuri, kullum da ƙaton akwati ɗaure a bayansa. Ya ce injin na tari, yana yanke wuta, in ya zo hawan tudun Kanda sai ya rasa ƙarfi kamar tsohon jaki. Na ce ya tayar. Na runtse ido yadda na saba. Abin da ya iso gare ni wani gurnani ne daga nesa, kamar ana daka a gida na uku. Na buɗe ido na ce fulogi ne, na canza masa.

Bayan kwana biyu ya dawo. Na wanke kafireta. Ya sake dawowa, na canza wayar wuta. Karo na huɗu da ƙafa ya turo shi, gumi ya jiƙa masa riga, rabin burodin bai rabu ba. Bai ɗaga murya ba, ko kuma ya ɗaga ban ji ba. Na dai karanta bakinsa.

“Masta, moto ɗin nan bai ji magani ba.”

Ya ƙara da cewa masu shaguna sun fara karɓar burodi a hannun wani saboda makararsa. Maƙwabtana na kallo, mai faci da mai walda. Na san idan babur ɗin nan ya sake fita yana tari, sunana ya gama yawo a Nima. Na ce ya bar mini shi zuwa gobe.

Na rufe shago na hau motar haya zuwa kasuwar kayan gyara ta Sakul, na bi ta can lungun da ba a san fuskata ba. Da na tambayi geji sai na ji kunya kamar mai sayen abin sata. Har ƙarya na yi wa mai kayan, na ce aike ne. Na sa shi a leda baƙa, na cusa a ƙarƙashin riga.

Da na dawo na shigar da babur ɗin cikin shago na ja ƙofa, rana tsaka, kwanon rufi na zafi kamar murhu. Na tayar da shi ya ɗumama, na kashe, na cire fulogi, na ɗaura bututun gejin a ramin. Na taka kik sau biyar. Allurar ta ɗan motsa ta tsaya can ƙasa. Na zagi gejin, na zagi wanda ya ƙera shi. Sai na tuna ban buɗe totur ba, injin bai samu iskar da zai matse ba. Kuskuren ɗan koyo ne, ga ni da furfura. Na murɗe totur har ƙarshe, na sake takawa. Allurar ta hau, amma ko kusa ba ta kai inda lafiyayyen inji ke kai ta ba. Iska na tserewa ke nan.

Saura in san ta ina. Na ɗiga baƙin mai kamar cokali ɗaya a ramin fulogin. Idan ringin fistin ne ya cinye, man zai toshe kafar na ɗan lokaci, allurar ta ƙara sama. Na taka. Ta tsaya daidai inda ta tsaya ɗazu. Ba ringi ba ne ke nan, bawul ne ke yoyo.

Na zauna a ƙasa da gejin a hannu na daɗe. Bawul mai yoyo yana da wata 'yar shessheka da yake yi ta salansa. Da can ko ina tsallaken titi sai na tsince ta. Sau huɗu babur ɗin nan yana yi mini ita a gabana. Na ji baƙin ciki irin wanda ban ji ba tun rasuwar mahaifina, kuma babu wanda zan juya in gaya wa.

Na kwance kan injin, na tarar da bawul ɗin hayaƙi ya ƙone ta gefe guda. Na sa sabo, na wasa mazauninsa, na ɗaure komai. Na sake gwadawa da geji, allurar ta yi tsalle ta kai inda ake so.

Washegari mai burodin ya zo. Taku ɗaya babur ya tashi. Na ga fuskarsa ta washe, yana murɗa totur yana nuna injin da haɓa, yana jiran in runtse ido in yanke hukunci. Da na ga dama da na yi, ba wanda zai sani. Amma na gaji.

“Ɗan'uwa, ni ba na ji,” na ce masa. “Na daɗe ba na ji. Kai ka saurara ka gaya mini.”

Shi ne mutum na farko da na taɓa faɗa wa. Ya tsaya yana kallona. Ya sauko daga babur ɗin bai kashe shi ba, ya kama hannuna da hannu biyu duk da baƙin man da ke jiki. Ya yi magana mai ɗan tsawo, a natse, idonsa a cikin nawa, kansa a ɗan sunkuye yadda ban iya ganin bakinsa sosai ba. Na gyaɗa kai kamar na fahimta, domin kunya ta hana ni cewa ya maimaita. Ya matse hannuna, ya hau, ya nufi Kanda da akwatinsa.

Har yau ban san abin da ya ce mini ba.