Ƙuri'ar haushi da rantsuwar Kawu

A shekarar nan ta zaɓen shugaban ƙasa, mu 'yan fadar shayi ta Kara-Kara haushi ya cika mu fal. Manyan 'yan takara duk sun ishe mu. Sai muka tsinci wani ƙaramin kandida, wato ɗan takara, wanda ko hotonsa ba ya manne da kyau a bango, muka ce shi za mu yi. Ba don zai ci ba, wallahi ko shi bai sa rai ba. Mu dai a ji haushinmu. Kai, mun sha daɗi! Mu hau kabu-kabu, mu zaga Zango muna ihu, mata suna leƙowa suna tambaya ko biki ake.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, manomin gero ne daga Damagaram Takaya, yana zaune gidanmu lokacin. Shi yana da nasa gwanin a cikin manyan. Akwai kuma wani babba da ya tsana, don mutanensa sun yi wa ƙauyensu alkawarin rijiya suka ɓace. Kawu ya dafa Alƙur'ani gaban jama'a ya rantse ƙuri'arsa ba za ta taɓa shiga hannun mutumin nan ba.

Ni da bakina mai zaƙi na janye shi. Ya ce, "Ɗan nan, rantsuwata fa?" Na ce, "Haba Kawu, ina ruwan namu da wancan? Kullum zaginsa yake." Ya dangwala wa namu, ya fito yana nuna yatsa mai tawada, muka ɗaga shi sama yana ta ƙyalƙyala dariya.

Sakamako ya fito. Gwanin Kawu ya zo na uku, ya faɗo. Maƙiyinsa ya wuce zagaye na biyu. Muka ce to, ba komai. Ashe da saura! Muna shan shayi sai ga muryar namu a rediyo, cikin fara'a, wai ya ba wancan babban da Kawu ya tsana dukkan ƙuri'unsa.

Fada ta kwashe da dariya, har wani ya ƙware. Kawu bai yi dariya ba. Ya ajiye kofi ya ce, "Har da tawa?"

Muka yi ta bayani: magana ce kawai, Kawu, zagaye na biyu kowa ya zaɓi wanda yake so. Ya ce, "Wadda na jefa nake tambaya. Tana ina?" Nan na ji kunya har cikin ƙashina.

Ranar zagaye na biyu na same shi a zaure, leɓe a bushe. Na ce ya taso mu tafi. Ya ce azumin kaffara yake.

"Je ka kai, ɗan nan. Ni na riga na zaɓe shi."